Kaset Ba Shi Ne Waƙa Ba: Martani Kan Bai Wa Kundin Haɗaka Gurbi a Insakulofidiya

Muhawara a kan abin da ya cancanci shiga insakulofidiya, wato kundin da ke tattara taƙaitaccen bayani a kan fannonin ilimi domin mai neman sani ya duba, ta daɗe tana gudana a tsakanin masu rubutu a Wikipedia ta harsuna daban-daban, kuma a 'yan shekarun nan ta iso ga masu rubutu da Hausa. Ɗaya daga cikin rassanta shi ne matsayin kundin haɗaka, wato faifai ko kaset ko tarin waƙoƙi da wani ya tsinto daga wurare daban-daban, na mawaƙi ɗaya ko na mawaƙa da yawa, ya jera su wuri guda ya fitar, alhali galibinsu sun riga sun fita tun da farko. Wani marubuci mazaunin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ya ɗauki matsayi mai zafi a kan batun, inda ya nuna cewa duk kundin haɗakar da ya taɓa yawo a kasuwannin garin da tashoshin motarsa ya cancanci maƙala ta kansa a Wikipedia ta Hausa, ba tare da an tsaya neman wata shaida a rubuce ba. Ya dogara da hujjoji uku: cewa abin da dubban mutane suka saurara ya riga ya shahara, ko an rubuta shi ko ba a rubuta ba, cewa ƙa'idar da ake tace maƙaloli da ita baƙuwa ce, an ɗinka ta ne daidai jikin ƙasashen da ke da mujallun kiɗa da ƙididdigar ciniki, da kuma cewa Wikipedia ta Hausa tana buƙatar yawan maƙaloli, kuma abin da ba a shigar yau ba zai salwanta gobe. Damuwar da ta haifar da wannan ra'ayi gaskiya ce, kuma ba ta cancanci a yi mata riƙon sakainar kashi ba, sai dai maganin da ya kawo bai dace da ciwon ba.

Tushen kuskuren yana cikin kalma guda. An buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001, kuma tun cikin shekarunta na farko masu rubutu a sashenta na Ingilishi suka ga cewa shafin da kowa zai iya gyarawa yana buƙatar ma'auni, in ba haka ba zai zama juji. Kalmar Ingilishin da suka raɗa wa ma'aunin ana yawan fassara ta da shahara, kuma wannan fassara ita ce ta ɓatar da marubucin, domin a Hausa shahara tana nufin suna ya kewaye gari, alhali abin da ƙa'idar ke tambaya shi ne ko akwai madogara ingantattu, masu zaman kansu, waɗanda suka yi bayani mai kauri a kan abin. Madogara mai zaman kanta ita ce wadda ba mawaƙin ko mai sayar da faifan ko wanda suka biya ne ya rubuta ta ba. Bayani mai kauri kuwa shi ne wanda ya wuce ambaton suna a cikin jerin sunaye. Dalilin wannan sharaɗi bai da alaƙa da girmama abu ko raina shi. Insakulofidiya ba ta gudanar da bincike na kanta, tana taƙaita abin da wasu suka riga suka bincika ne, saboda haka idan ba a taɓa rubuta komai a kan wani kaset ba, mai rubuta maƙalarsa bai da abin faɗi sai abin da ya tuna ko ya zata, kuma mai karatu a Maraɗi ko Kumasi ba shi da hanyar gane inda tunawa ta ƙare, zato ya soma.

A hujja ta biyu marubucin yana da rabin gaskiya, kuma ya kamata a ba shi ita. Jagorar da sashen Ingilishi ya tsara a kan faya-fayan kiɗa ta lissafa wasu alamomi da ke nuna cancanta, kamar faifai ya hau jadawalin ƙasa na waƙoƙin da suka fi kasuwa, ko ya sami shaidar zinare, wadda a Amurka ake bayarwa idan cinikin kundi ya kai kwafi 500,000, ko ya ci babbar kyauta irin ta Grammy. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai iya auna Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ko Barmani Coge, domin jadawalin TurnTable, wanda ake dogaro da shi a Nijeriya yanzu, bai soma aiki ba sai a shekarar 2020, kuma babu wanda ya taɓa ƙirga kaset nawa aka gurza daga uwar kaset guda a shagunan arewa. Amma waɗannan alamomi ƙananan ƙofofi ne, babbar ƙofar ita ce rubutun masu zaman kansu, kuma wannan ƙofa ba ta tambayar harshen da aka yi rubutun da shi. Sharhi a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, ko a mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ko a Aminiya, ko wani shiri na Sashen Hausa na BBC, duk madogara ne da suke da nauyi daidai da na takwarorinsu na Landan. Bugu da ƙari, kowane sashen harshe na Wikipedia yana da ikon tsara nasa ma'aunin, don haka babu abin da ya hana masu rubutu da Hausa su jingine zancen zinare da jadawali su sa alamomin da suka dace da su. Abin da ba za su iya jinginewa ba, matuƙar suna so aikinsu ya ci sunan insakulofidiya, shi ne a iya bin kowace magana zuwa inda ta fito.

Tambayar da marubucin bai yi wa kansa ba ita ce mene ne ainihin abin da yake son a rubuta maƙala a kansa. A ƙasashen da aka tsara jagorar, kundin haɗaka abu ne tsayayye: yana da suna, da kamfanin da ya fitar da shi, da ranar fitowa, da lambar da aka yi masa rajista da ita, da jerin waƙoƙin da ba ya sauyawa daga kwafi zuwa kwafi. Legend na Bob Marley, wanda kamfanin Island ya fitar a 1984, kundin haɗaka ne, haka nan Greatest Hits na ƙungiyar Queen na 1981, kuma duk inda mutum ya sayi bugu ɗaya na ɗayansu, abu ɗaya zai samu. Kundin haɗakar da ya yi yawo a Lafiya tarihinsa daban ne. Da kaset ya wadata a arewacin Nijeriya a shekarun 1970 da 1980, sai sana'ar gurza ta bunƙasa, kuma Brian Larkin, a littafinsa na 2008 a kan kafafen watsa labarai a Kano, ya bayyana yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar da ake kwafar kaset ana rarraba wa ƙananan 'yan kasuwa, sau da yawa a kan bashi da amana, su kuma su kai garuruwa na kusa da na nesa. Lafiya tana kan hanyar da ta taso daga Akwanga ta nufi Makurɗi, saboda haka kaya suna iso mata daga arewa da kudu, amma mai shago a garin ba sayar da abin da aka kawo masa kaɗai yake yi ba. Yana da rikoda mai baki biyu, mai saye kuma yakan zo da buƙatarsa, ya ce a sa masa Shata a fuska ɗaya, a cika ɗaya fuskar da Ɗanmaraya, in wuri ya rage a ƙara Haruna Uji, sai a rubuta sunaye da biro a jikin takardar kwalin. Gobe wani ya zo, a yi masa nasa haɗin daban. Da faifan sidi ya zo, tsarin bai sauya sosai ba, sai dai bango ya sami hoto mai launi. Da wayar hannu ta zo kuwa, sai 'yan dawunlodin suka gaji sana'ar, suna zaune da kwamfuta a ƙarƙashin lema suna cika wa mutane memori gwargwadon girmansa da kuɗin mai shi. A irin wannan kasuwa, abu biyu masu suna ɗaya kan ƙunshi waƙoƙi daban-daban, abu ɗaya kuma kan fita da sunaye uku. Mai son rubuta maƙala a kan ɗaya daga cikinsu ba zai iya cika layin farko ba, wanda a cikinsa ake faɗin wa ya haɗa, yaushe, kuma me ke ciki.

Daga nan ne hujjar baƙuntar ƙa'ida take juyowa kan mai ita. Abin da ya fi zama baƙo a wannan magana shi ne ɗaukar kundi a matsayin ma'aunin aikin mawaƙi. Makaɗin baka na Hausa bai taɓa tsara fasaharsa a kan faifai ba: yana tsara ta ne a kan waƙa, waƙar kuma tana da gindi, wato layukan da 'yan amshi ke maimaitawa, da ɗiya, wato baitocin da jagora ke saƙawa, kuma tana da wanda aka yi wa ita da dalilin yin ta. Waƙa ɗaya takan rayu shekaru a bakin mai ita, ana ƙara mata ɗiya ana rage wasu gwargwadon wurin da aka rera ta da mutanen da ke zaune, shi ya sa Bakandamiyar Shata, wadda a cikinta yake wasa kansa da fasaharsa, ba ta da siga guda da za a ce ita ce ita kaɗai. Faifan garmaho na da, wanda fuskarsa ba ta ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku, tilasta wa makaɗi ya yi ya datse abin da zai iya kai rabin dare a dandali, kuma kaset mai minti 60 ko 90 ɗin ma mazubi ne kawai, kamar yadda ƙwarya take ga fura. Mai sauraro a tashar mota ba ya cewa yana son kaset kaza, cewa yake a sa masa Waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya Jos. Saboda haka shaharar da marubucin ya gani da idonsa, wadda babu mai musunta, shaharar waƙoƙin ce da masu su, ba ta mazubin ba. Ita ma jagorar ta faɗi abu mai kama da wannan ta wata fuska, inda ta nuna cewa cancanta ba a gadonta, ma'ana sunan mawaƙi ba ya wadatar da kowane faifan da ke ɗauke da muryarsa.

Manazartan Hausa sun daɗe da gane haka, shi ya sa ayyukansu suka bi mawaƙi da waƙa. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiana a 1975 a kan Shata a matsayin mawaƙin baka. Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, ya kuma shimfiɗa hanyar nazarinsu. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin rayuwar Shata a 2006, shekara bakwai bayan rasuwarsa a 1999. Abdalla Uba Adamu kuma ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan kiɗan finafinan Hausa da yadda ya sha daga na Indiya. Wannan tari na madogara ya isa a rubuta maƙaloli masu nauyi a kan mawaƙa da dama da kuma waƙoƙi ɗai-ɗai, kuma abin mamaki ne mai kishin kiɗan Hausa ya tsallake wannan gona da aka riga aka share ya tafi neman gurbi ga abin da babu wanda ya taɓa nazarta.

Wannan ba ya nufin cewa kundin haɗaka ba ya taɓa cancanta, kuma a nan ya kamata a raba gari da masu ɗaya gefen, waɗanda ke ganin tunda babu sabuwar waƙa a ciki to babu abin rubutawa. Zaɓe da jerawa aiki ne na hankali, wani lokaci kuma shi ne ke sauya yadda al'umma ke jin kiɗanta. A 1952 kamfanin Folkways na Amurka ya fitar da wani kundi da Harry Smith ya haɗa, mai waƙoƙi 84 da ya tsinto daga tsofaffin faya-fayan ƙarshen shekarun 1920 da farkon 1930, kuma ya yi hakan ne ba tare da izinin kamfanonin da suka fara fitar da su ba, wato ta fuskar haƙƙin mallaka bai fi mai gurza na Ƙofar Wambai tsarki ba. Bambancin shi ne Smith ya sa sunansa, ya tsayar da jeri guda, ya haɗa da ɗan littafi mai bayanin kowace waƙa da mai ita da lokacin da aka naɗe ta, sannan matasan mawaƙa irin su Bob Dylan suka koya daga gare shi, masana kuma suka yi ta rubutu a kansa har aka sake buga shi a 1997. A kusa da gida, David Ames ya naɗi kiɗan Hausa a shekarun 1960, aka fitar da shi a faya-fayai biyu cikin jerin kiɗan Afirka da ke ƙarƙashin UNESCO, kuma shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. A fagen rubutacciyar waƙa ma akwai misali, domin Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Da da Na Yanzu, wanda Ɗandatti Abdulƙadir ya tace, haɗaka ne tsantsa, amma an san wanda ya haɗa, an karantar da shi a makarantu, an kuma yi sharhi a kansa.

Misalan da suka fi kusa da abin da marubucin ke magana a kai su ne guda biyu da kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke birnin Portland a Amurka, ya fitar. Na farko, wanda ya fita a faifai a 2011, tarin waƙoƙi ne da Kirkley ya kwaso daga memorin wayoyin mutane a yankin Kidal na ƙasar Mali, wato daidai irin hajar 'yan dawunlodin, sannan ya bi sawun masu waƙoƙin domin a san su kuma a biya su. A cikinsa akwai waƙar Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar, wanda ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008 da salon sarrafa murya da na'ura irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma wannan haɗaka ce ta buɗe masa hanyar da ta kai shi manyan dandalin duniya. Na biyu shi ne Harafin So na 2013, tarin waƙoƙin finafinan Kano da ke ɗauke da muryoyi irin na Fati Nijar da Abubakar Sani. Waɗannan suna da abin da maƙala ke buƙata, wato suna da mai haɗawa da shekara da jeri tsayayye da kuma masu sharhi da ba su da hannu a cinikin. Akwai ɗaci a cikin wannan lamari, kuma ɓoye shi rashin gaskiya ne: waƙoƙin da Bahaushe ya sani shekara da shekaru ba su sami irin wannan rubutu ba sai da baƙo ya zo ya jera su ya kai ƙasarsu. Sai dai ɗacin yana nuna inda giɓin yake. Ba a ƙofar insakulofidiya yake ba, yana can baya ne, a wurin da ya kamata 'yan jarida da manazarta da gidajen rediyo na gida su riga baƙo yin wannan aiki.

Marubucin zai iya cewa al'ummar da ke adana iliminta a baka bai kamata a tilasta mata kawo takarda ba, kuma ba shi ne farkon wanda ya faɗi haka ba. A 2011 Achal Prabhala ya jagoranci wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu, inda aka naɗi hira da masu sanin wasannin gargajiya da al'adu aka kafa hujja da ita a wasu maƙaloli na ƙananan sassan harsuna, kuma har yau ana tattauna cancantar wannan hanya. Amma wanda ya duba gwajin da kyau zai ga cewa bai soke neman madogara ba, faɗaɗa ma'anarta ya yi: an san wanda aka yi hira da shi, an naɗi muryarsa, an ajiye ta inda kowa zai iya komawa ya saurara. Wannan bai yi nisa da abin da malaman ƙasar Hausa suka saba da shi ba, inda magana ke samun nauyi gwargwadon sanin wanda ya ji ta daga wa, kuma almajirin da ya ce an ce, ba tare da ya faɗi wanda ya ce ba, ba a ɗaukar zancensa a zaure. Idan wani zai zauna da tsofaffin masu sayar da kaset na Lafiya ya naɗi bayaninsu a kan inda suke saro kaya, da waƙoƙin da direbobin hanyar Doma da Obi da Awe suka fi nema, da yadda zuwan sidi ya karya wasunsu, to ya samar da madogara ta gaske. Sai dai maƙalar da za ta fito daga irin wannan aiki maƙala ce a kan sana'ar kaset a garin, wadda ke da tarihi da mutane da sauye-sauye, ba maƙaloli ɗari a kan kaset ɗari ba.

Hujja ta uku, ta neman yawa, ita ce mafi rauni, kuma an riga an ga ƙarshen hanyarta a wasu wurare. Wikipedia ta harshen Sebuwano na ƙasar Filifin tana da maƙaloli fiye da miliyan 5, waɗanda mafi yawansu wata manhaja ce da wani Basuwide mai suna Sverker Johansson ya ƙera ta zuba su, kuma yawan bai jawo mata masu karatu ko masu gyara da suka yi daidai da shi ba. A 2020 aka gano cewa dubban maƙaloli a sashen harshen Sukots wani matashi Ba'amurke ne da bai iya harshen ba ya rubuta su, sun kuma zauna shekaru domin babu isassun masu dubawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kowace maƙala da aka buɗe nauyi ce a kan 'yan sa-kai ƙalilan da za su ci gaba da tsare ta daga ɓarna da ƙarya, kuma maƙalar da ba ta da madogara ba ta da abin da za a tsare ta da shi, tunda mai gyara da mai ɓatawa duk da baki kawai suke magana. Akwai kuma wani haɗari da ya shafi kiɗa musamman. Duk lokacin zaɓe ana fitar da tarin waƙoƙin 'yan takara, kowane sabon mawaƙi kuma yana son a buga sunansa a intanet a ga ya fito, saboda haka ranar da aka ce yawo a kasuwa kaɗai ya isa shaida, waɗanda za su fara cika layi ba tsofaffin kaset ɗin da marubucin ke jin tausayi ba ne, masu talla ne da yaran 'yan siyasa. Tun 2014 sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia suka wajabta wa duk wanda aka biya ya yi rubutu ya bayyana hakan, amma sharaɗi ba ya tsare kansa, kuma neman madogara mai zaman kanta shi ne shingen da ya fi sauƙin gadi.

Tsoron salwanta kuwa yana da wuraren da aka tanada dominsa. Akwai rumbunan bayanai irin su Discogs da MusicBrainz, waɗanda aikinsu shi ne lissafa faya-fayai da jerin waƙoƙinsu ba tare da tambayar ko sun shahara ba, akwai kuma Wikidata, wadda aka buɗe a 2012 domin ajiye bayanai a tsare, kuma sharuɗɗanta sun fi na Wikipedia sassauci. A cikin Wikipedia kanta, abin da aka saba yi da kundin da bai kai ya tsaya da ƙafarsa ba shi ne a ambace shi a cikin maƙalar mawaƙin, a sashen jerin ayyukansa, inda mai karatu zai fi saurin samunsa. Rumbu da insakulofidiya ayyukansu daban ne: rumbu yana karɓar duk abin da aka kawo domin wata rana, insakulofidiya kuwa tana faɗin abin da aka riga aka tantance.

Akwai kuma abin da ya keɓanci Lafiya wanda ra'ayin marubucin ya rufe ido a kansa. Garin da Barebari suka kafa, wanda ya zauna ƙarƙashin Jos tun daga zamanin Jihar Binuwai-Filato a 1967 har zuwa 1 ga Oktoba, 1996 da aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa, yana magana da Hausa a kasuwa da tasha, amma kewaye yake da Eggon da Alago da Migili da Gwandara da Tibi da Fulani, kowannensu da kiɗansa. Shata da Ɗanmaraya, wanda ya rasu a 2015, ba sa cikin haɗarin mantuwa, domin an rubuta su a Kano da Zariya da Sakkwato da ƙasashen waje, kuma kaset ɗin haɗaka na Lafiya da ke ɗauke da su kwafin kwafi ne na abin da ake da shi a ko'ina. Abin da ke cikin haɗari shi ne kiɗan bikin Odu na Doma, da waƙoƙin da ke tattare da gishirin Keana da bikin Oyarore, da na noma da aure na ƙasar Eggon, da kuma kiɗan fadar Lafiya kanta a tsawon mulkin Sarki Isa Mustafa Agwai na Ɗaya, wanda ya hau gado a 1974 ya rasu a 2019. Jihar tana da Jami'ar Tarayya a Lafiya, wadda ta soma a 2011, da jami'ar jiha a Keffi, da Kwalejin Ilimi a Akwanga, da gidan rediyon jiha na NBS da tashar Precious FM ta Rediyon Tarayya, wato tana da ɗalibai masu neman batun bincike da na'urorin naɗar murya da lokacin watsa shiri. Idan aka sami wanda ya zagaya Doma da Keana da Nasarawa Eggon da ƙauyukan Migili ya naɗi waƙoƙi ashirin da yardar masu su, ya rubuta sunan kowane makaɗi da kayan kiɗansa da ranar naɗi da ma'anar kalmomin, ya fitar da su a jeri guda da sunansa a kai, sannan wata jarida ta yi sharhi, wata mujallar jami'a ta nazarta, wani gidan rediyo ya ware masa shiri, to wannan kundin haɗaka ne ɗan Lafiya da zai cika sharaɗin sashen Hausa da na Ingilishi duka, kuma layin farko na maƙalarsa zai iya faɗin wanda ya haɗa shi, da shekarar, da abin da ke ciki.